NA KOMA KOLO A KAN ALLO MAI TAYA



'Yan uwa, yau labarin wata faɗuwa da na yi zan ba ku. Faɗuwa ta gaske, irin wadda mutum ke tashi yana kakkaɓe riga yana waige-waige ko an gan shi. Kuma an gan ni. Har yanzu tabon yana nan a gwiwar hannuna ta dama. Na daɗe ina shawara da zuciyata ko in rubuta ko in bari, don abin akwai kunya a ciki. Daga baya na lura ai kunyar ita ce mas'alar da ya kamata mu tattauna.

Ƙanwata da ke aure a Gwandu ta aiko mini ɗanta nan Kalgo, ya zauna wurina ya yi karatu. Shi ne autanta, Auta kowa ke ce masa, shekararsa 13. Da safe boko, da la'asar allo, bayan magariba kuma in zaunar da shi da wasu yara uku in biya musu abin da ya sawwaƙa na nahawu. Yaro ne mai ladabi, ba shi da ƙiwuya, sai dai kansa ba ya ɗaukar karatu da sauri. Abin da sauran za su riƙe a biyawa biyu, shi sai an yi shida, gobe kuma a tarar rabi ya zube. Ni kuwa akwai wata magana da ta zame mini jiki. Da ya yi tuntuɓe sai in ce, "Mi ke da wuya a nan?" Wani dare na gaji, na ce masa daƙiƙi a gaban 'yan uwansa. Bai yi kuka ba. Tun daga ranar dai ya daina tambaya. In na ce an gane, sai ya gyaɗa kai tare da kowa. Ni kuma na ɗauka an samu ci gaba.

Mahaifinsa fataucin albasa yake yi, yana kai ta kasuwar Mile 12 a Legas. A wata dawowa ya zo masa da tsaraba daga wurin 'yan gwanjo: wani katako mai ƙananan tayu huɗu, tsawonsa bai cika kamu biyu ba, faɗinsa kamar inci 8. Baki da wutsiya duk sun ɗan tanƙwaro sama, an manne samansa da wani baƙin abu mai kaushi kamar samfefa don kada takalmi ya zame. Masu wasan siketbod suke ce masa. Yaran unguwarmu ba su wahalar da bakinsu ba, suka raɗa masa allo mai taya.

A bayan unguwarmu akwai dandamalin siminti inda ake shanyar shinkafa. In an kwashe da yamma, wurin ya zama na Auta. Da labari ya iso ni, zuciyata ta riga ta yanke hukunci: ga abin da ke cinye masa karatu. Na tafi da niyyar in karɓe katakon in kulle a ɗaki.

Ina isa na hango shi ya turo allon a guje ya nufi wani dutse da ya ajiye a tsakiyar dandamalin. Ya ɗan durƙusa, na ji ƙas, sai ga yaro a sama, allon yana manne da ƙafarsa kamar an ɗaure, suka haye dutsen tare suka dire. Babu igiya, hannunsa bai taɓa allon ba. Abin ya burge ni, amma girma bai bar ni in nuna ba. Na ce, "Wannan ne ya hana ka karatu? Ai kowa na iya wannan." Don in tabbatar masa, na tattare babbar riga na ɗora ƙafa.

Ban kai ga ɗora ta biyu da kyau ba allon ya fice daga ƙarƙashina kamar kibiya. Na zube ta baya, hula ta yi nata wuri, gwiwar hannu ta daki siminti. Wasu leburori biyu da ke ɗinkin buhu suka juya baya, amma ina ganin kafaɗunsu na rawa.

Auta ya sheƙo da gudu ya kama ni. Ya ce, "Sannu Kawu, sannu. Kowa haka shika hwarawa. Ni kwana ukku ina hwaɗuwa kahin in iya tsayi bisa."

Wallahi zafin gwiwar bai kai zafin maganar nan ba. Wata bakwai yaron yana gabana yana tuntuɓe a karatu, ban taɓa ce masa kowa haka yake farawa ba. Shi a faɗuwata ta farko ya faɗa mini, kuma ko murmushi bai yi ba.

A daren na kasa barci. Da asuba, bayan an fito masallaci, na ce masa ya ɗauko allon, zai koya mini. Ku lura da lokacin da na zaɓa, lokacin da babu kowa a dandamali. Za mu dawo kan wannan.

Bari in ɗan yi bayanin tsallen, don wanda bai taɓa gani ba ya san abin da ake magana a kai. Sunansa oli. Laƙabin wani yaro ne ɗan jihar Florida ta Amurka, Alan Gelfand, wanda a wajajen 1978, yana ɗan shekara goma sha, ya gano yadda zai tashi sama da allon a wuraren wasa masu gangare ba tare da ya riƙe shi da hannu ba. A farkon shekarun 1980 wani matashin, Rodney Mullen, ya sauko da dabarar kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Daga nan oli ya zama babbaƙun wasan. Kusan duk wata gwaninta da ake yi a titi a kansa aka gina ta, wanda bai iya shi ba ko bakin kwata ba zai haye ba. Wasan ya shiga gasar Olamfik a karon farko a Tokyo a 2021, kuma wata yarinya 'yar Japan, Momiji Nishiya, ta ci zinare tana da shekara 13, wato sa'ar Auta.

Ga yadda ake yi. Ka ɗora gaban tafin ƙafarka ta baya a kan wutsiyar allon, ta gaba kuma a wajen tsakiya. Ka durƙusa. Sai ka daki wutsiyar da ƙarfi ta bugi ƙasa. Tayun baya su ne madogara, don haka bakin allon zai ɗaga sama, bugun da wutsiyar ta yi kuma zai sa allon ya yi tsalle. A daidai wannan lokacin kai ma ka yi tsalle, ka karkata ƙafar gaba ka ja gefen takalminka a kan kaushin nan zuwa baki. Jan nan shi ke janyo allon sama ya kuma daidaita shi. Ka naɗe ƙafar baya don wutsiya ta samu wurin tasowa. Sannan ka dire da ƙafa biyu a saitin tayu, gwiwa a lanƙwashe. Duk wannan bai cika daƙiƙa ɗaya ba.

Kun ga na iya bayani. A rana ɗaya na haddace shi, da an ba ni lasifika zan yi lacca a kansa. Amma sai da na yi mako biyu kafin in iya tsayawa a kan allon in tura shi ba tare da na kama iska ba. Da muka zo kan oli kuwa, nan na san akwai tafiya mai nisa tsakanin kai da ƙafa.

Auta ya shimfiɗa tsohon buhu ya ɗora allon a kai don kada tayu su gangara. In na daki wutsiya, sai in manta da tsalle, ƙafata ta danne allon ya kasa tashi. In na tuna da tsalle, sai in manta da jan ƙafar gaba. In na haɗa biyun, kafaɗata ta juya, allon ya bi ta ya karkace. Mafi muni shi ne tsoro. Da na tashi sama sai wata ƙafa ta gudu ta nemi ƙasa da kanta, ba da izinina ba. In kuma na ja jiki baya don in tsira, a nan ne allon ke ficewa gaba in sha ƙasa. Gudun faɗuwar shi ke kayar da ni. Na san haka sarai, kuma gobe in sake.

Wata safiya na ƙosa, na ce, "Kai wai yaya kake yi ne?"

Ya yi shiru, ya ce, "Wallahi Kawu ban sani ba, yi kawai nika yi. Ku dakata in yi sannu in gani."

Ya hau ya yi sau biyar yana kallon ƙafarsa kamar ta wani. Sannan ya ce, "Na gano. Ku kuna taka wutsiyar, ni bugunta nika yi in ɗauke. Kamar kun taka garwashi."

A nan na fahimci abin da ya sa na rubuta wannan rubutu.

Iyawa tana share sawunta. Duk abin da mutum ya ƙware a kai, hanyar da ya bi ya iso tana ɓace masa, kamar yadda iskar hunturu ke rufe sawun tafiya a yashi. Ku tambayi tsohuwa gari nawa take zubawa a tukunyar tuwo, za ta ce ai hannu ne ke sani. Ku tambayi ɗan kabu-kabu yaya yake riƙe babur a cikin rairayi, ko masunci a Argungu yaya yake kwanciya a kan gora ba ta juye da shi ba. Sun iya, amma sun manta ranar da ba su iya ba. Ni ma haka. Shekara 30 ke nan da na fara nahawu. Fa'ili da maf'uli sun zame mini kamar hannun dama da hagu. In na dubi jumla ba na lissafi, gani kawai nake yi. Don haka lokacin da nake ce wa yaro "mi ke da wuya a nan", har zuciyata ban ga wuyar ba. Sai dai rashin ganin nawa ba hujja ba ne a kansa. Shaida ce a kaina cewa na manta.

Bambancina da Auta shi ne, da ya tarar ya manta, sai ya koma ya nemo. Ya rage gudu, ya kalli kansa, ya samo mini misalin garwashi. Ni da na tarar yaro bai gane ba, sai in maimaita bayanin nan dai da murya mafi ƙarfi, kamar kurma nake koyarwa.

Kuma ku dubi abin da maganar ke haifarwa. Yaron da aka ce masa babu wuya alhali shi yana jin wuya, abu ɗaya zai fahimta: matsalar a jikinsa take. Daga nan zai koyi wani darasin da ba shi aka zauna koya masa ba, wato ɓoye rashin sani. Zai iya gyaɗa kai. Zai iya motsa baki tare da masu amshi. Irin yaran nan su ne ke girma su zama manyan da ba sa iya cewa ban gane ba, a ofis, a asibiti, a gaban alƙali. Mu muka koya musu, sannan mu dawo muna mamakin yadda mutane ke yin abu a kan jahilci ba sa tambaya.

To, magana ba ta ɓuya. Ko da asuba ne akwai mai tafiya gona. Da na je Gwandu gaisuwa, wani dattijo abokin mahaifina ya sa aka kira ni. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, mi nika ji? An ce an gane ka bisa abin wasan yara kana hwaɗuwa. Kai da mutane ka zamnawa gabanka? Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa."

Ban yi masa musu ba, kuma ba don ladabi kaɗai ba. Maganarsa akwai gaskiya a ciki. Mutunci abu ne na haƙiƙa. Wanda mutane ke saurara ba shi kaɗai ya mallaki kansa ba, in ya zubar da girmansa maganarsa ma ta yi sauƙi a kunnen jama'a. Akwai abin da ya halatta amma bai dace da kowa a ko'ina ba, kuma al'adar wuri tana da hakki. Da a tsakiyar kasuwa nake yi, ko a lokacin da ɗalibai ke jirana, da na cancanci faɗa. Akwai kuma hakkin jiki. Aliero na kusa, maɗoranta sun yi suna har wajen ƙasar nan, amma ƙashin ɗan shekara 46 ba ya haɗewa kamar na yaro. Sannan ina so iyaye su ji wannan da kyau: abin da nake magana a kai ba shi da alaƙa da gangancin da muke gani a manyan garuruwa, yaro da takalmin taya ya kama bayan mota a kan kwalta. Wannan wasa da rai ne. Na kafa wa Auta sharaɗi tun farko, ba titi, ba lokacin karatu, ba lokacin salla, kuma ya kiyaye.

Na ce wa dattijon, "Baba, na ji, kuma zan kiyaye wuri da lokaci." Amma a hanyar dawowa Kalgo na yi ta juya abin. Na tambayi kaina: da na zaɓi asuba, mutunci nake karewa? Na binciki zuciyata na tarar ba haka ba ne. Da a ce na iya tsallen nan tsaf, na haye dutse kamar Auta, da ban damu ba ko duk unguwa ta taru. Abin da nake gudu shi ne a gan ni ban iya ba. A ga Malam yana tangal-tangal, ƙaramin yaro yana ce masa a'a, sake. Wannan kuwa ba sunansa mutunci ba, ko da ya ari rigarsa ya sa.

Ga ma'aunin da na samu, ku ma ku gwada a kanku. In wani abu ya hana ka koyo ka ce kunya ce, tambayi kanka: da na iya abin nan, zan ji kunyar a gan ni ina yi? In amsar e ce, to wataƙila abin ne bai dace da kai ba, ka bar shi. In amsar a'a ce, to ba aikin kake kunya ba, matakin farko kake kunya. Kuma babu wani ilimi a duniya da ake shiga ta mataki na biyu.

Ku duba yawan asarar da wannan kunyar ke jawo mana. Ga ɗan kasuwa mai juya miliyoyi, yana miƙa katinsa da lambar sirrinsa ga yaron da bai sani ba, don ba zai iya zama a koya masa latsa waya ba. Ga magidanci ɗan shekara 50 da ya san tun yana yaro akwai gyara a karatunsa, makaranta tana ƙofar gidansa, amma yaya za a gan shi da allo kusa da sa'o'in ɗansa? Ga uwa da aka rubuta mata yadda za ta ba yaro magani, ba ta gane ba, ta ce to, ta tafi gida ta yi ƙiyasi. Ga mu malamai, a yi mana tambayar da ba mu sani ba, maimakon mu ce sai mun duba sai mu yi ta kewaye har mai tambaya ya gaji. Muna cewa gemu ba ya hana ilimi. Karin maganar gaskiya ne, amma a aikace gemu ya hana da yawa, don mun mai da shi shaidar gama karatu.

Mu mutanen ƙasar Gwandu ma bai kamata a tuna mana wannan ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke cikin garin, duk faɗin iliminsa da yawan littattafansa, ya zauna ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa waɗanda ya yi karatu a gabansu da abin da ya karanta a wurin kowanne. A ciki akwai mahaifinsa, akwai yayansa Shehu Usmanu, akwai Malam Jibrilu ɗan Umaru. Mutumin da ake yi wa kallon teku ya bar wa na baya tarihin kwanakin da yake ɗalibi. Mu kuwa da ɗan abin da muka samu, so muke a ɗauka da shi aka haife mu.

Akwai wata tambayar da na san wasu malamai da iyaye za su yi, don ni ma na yi ta. Za su ce, to shike nan sai a yi ta lallashi? Yaro ya yi kuskure a ce ya yi daidai? Ai da zafi ake gyara ƙarfe.

Auta bai taɓa ce mini na yi daidai alhali ban yi ba. Wata rana na ji kamar na tashi, na dire a kan allon ban faɗi ba, na ɗaga hannu na ce, "Na yi!" Ya girgiza kai ya ce, "Tayun baya ba su bar ƙasa ba, Kawu." Na yi gardama. Ya karɓi wayata ya ɗauke ni hoto mai motsi, na sake, ya nuna mini. Gaskiyarsa. Bakin allon ne kawai ya ɗaga, wutsiya tana nan a ƙasa kamar an kafe ta da ƙusa. Ko kaɗan bai rage mini ma'auni ba, simintin ma ba ya ragewa kowa. Amma kullum gyaransa a kan aikin yake tsayawa. Zai ce ƙafar baya ta makara. Zai ce kafaɗa ta juya. Zai ce ku dubi gaba, ku bar kallon ƙasa. Kowace magana tasa tana nuna mini abin da zan canza a gwaji na gaba. Kalmar daƙiƙi kuwa me take nuna wa yaro ya canza? Babu. Ta rufe ƙofa ne kawai ta tafi da mabuɗin. Na ɗauka tsanani nake yi, ashe gajiyata nake saukewa a kan yaro in kira ta tarbiyya.

Wani abin da na lura da shi a wurin masu wannan wasa, ba su ɗauki faɗuwa abin kunya ba, don babu wanda ya tsallake ta. Tony Hawk, wanda ya fi kowa suna a wasan, a 1999 a birnin San Francisco ya yi ta gwada wani juyi biyu da rabi a sama, yana faɗuwa a gaban dubban mutane da kyamarori wajen sau goma, kafin ya dire. Abokan gasarsa suna gefe suna ƙarfafa shi. Inda kowa ya san kowa na faɗuwa, ba mai ɓata ƙarfinsa wajen ɓoyewa, duk ƙarfin yana tafiya wajen sakewa. Na yi sha'awar a ce zauren karatuna haka yake.

Sai da aka kusa wata uku. An yi hutu na mai da Auta Gwandu, muka tafi da allon. A tsakar gidan ƙanwata akwai ɗan siminti a gaban ɗaki. Auta ya ajiye karan dawa guda ɗaya a ƙasa. Na turo a hankali, na durƙusa, na bugi wutsiya kamar na taka garwashi. Na ji ƙas, na ji shiru na ɗan lokaci, sannan tayu huɗu suka dire tare a ɗaya gefen. Karan bai motsa ba. Tashin bai wuce yatsa uku ba, amma Auta ya yi ihu kamar an ce ya ci kujerar Makka. Ƙanwata ta fito daga madafa da muciya a hannu tana dariya, ta ce, "Yaya, da girmanka!" Na ce mata girman ne ya sa sai da na yi wata uku.

Da dare na kira shi gefe. Na ce, "Auta, ranar da na ce maka daƙiƙi na zalunce ka. Ka yafe mini." Wallahi furta wannan ya fi tsallen wuya. Ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsun ƙafa a ƙasa, ya ce, "Ba komi Kawu." Na san da komai, tunda wata da watanni bai manta ba, ni ma ban manta ba.

Ba zan ce muku daga nan ya zama haziƙi ba. Har yau sai an biya masa sau shida. Abin da ya canza ni ne. Yanzu kafin in fara babi nakan zauna in nemo inda ni kaina na taɓa maƙalewa. Na tuna na fi shekara ina rikita hali da tamyizi, har malamina ya gaji da ni, kuma na faɗa wa yaran haka. Suka yi dariya, suka saki jiki. In bayani bai shiga ba, nakan nemi wata ƙofar maimakon in ƙara murya. Maganar nan tawa kuwa na yi mata saki uku. A makon jiya muna tsakiyar darasi Auta ya ɗaga hannu ya ce, "Kawu, ban gane ba." Rabon da in ji wannan daga bakinsa an kusa shekara. Ban taɓa zaton kalmar ban gane ba za ta faranta mini rai haka ba.

Ba ina cewa kowa ya je ya nemi allo mai taya ba. Masu ciwon gwiwa da ciwon baya ma ina roƙonku ku bar wa yara. Abin da nake ba da shawara, musamman ga malamai da iyaye da masu gida da duk wanda wani ke koyo a ƙarƙashinsa: kada ka bari shekaru su shuɗe ba ka zama kolo a wani abu ba. Nemi abin da ba ka iya ba, ɗinki ne, lissafi ne, wani harshe ne, gyaran karatunka ne, ka zauna gaban wanda ya iya ko da ka haife shi. Ka ji yadda hannu ke rawa, yadda kai ke cushewa, yadda ake jin kunyar sake tambaya karo na uku. Sannan ka koma wurin yaronka, ko matarka, ko yaron shagonka, ka ga ko bakinka zai iya furta irin abin da yake furtawa da.

Allah Ya yafe mana abin da harsunanmu suka ɓata a zukatan waɗanda aka ba mu amana. Ya ba mu haƙurin koyarwa da tawali'un koyo. Ya shirya mana zuri'a.

Wassalamu alaikum.